Ku Bar wa Darbejiya Wuri

'Ya'yana, samarin Nima da Maamobi, da ku 'yan matan da kuke jin an fara magana sai ku ce ta maza ce, ku matso kusa. Zancen aure da na tafiya Turai ta hamada kun sha su a bakin limamai har kun haddace. Yau zancen bishiya na kawo muku, kuma na san wani a cikinku ya riga ya fara murmushi yana cewa tsufa ya kama Baba.

Ku gwada wani abu a watan Maris, da rana tsaka, kafin a kira azahar. Ku taso daga shataletalen Nima ku bi babban titi da ƙafa har Maamobi, kuna duba inda mutum zai tsaya ya sha iska ba tare da ya raɓe a rumfar mai shago ko lemar mai sayar da kati ba. Daga nan ku tsallaka Kanda, ku gangara Ridge ko Cantonments. Tafiyar ba ta da nisa, rana ɗaya ce a kan kowa, amma can za ku ji jikinku ya saki, gumi ya fara bushewa. Gidajen can sun fi namu kuɗi, wannan ba gardama. Sai dai abin da ya sanyaya titin nasu bishiyoyi ne da wasu suka dasa tun zamanin Turawa, aka bar su suka girma.

Nima ma ba haka take ba tun fil azal. A farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya nemi wurin a hannun iyalan Odoi Kwao na Osu, makiyaya ce, inda ake tsayar da shanun da aka koro daga arewa su huta kafin a kai su kasuwa. Mutane suka yi ta zuwa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Dagomba, Wangarawa, kowa da ɗan'uwan da zai sauke shi. Gida mai ɗaki huɗu ya koma mai ɗaki goma sha. Duk sanda aka yi wa yaro aure ko aka samu mai neman haya, sai a dubi tsakar gida, a ga babu sauran fili sai gindin bishiya, sai a kira mai gatari. Ban ga laifin kowa ba. Mai 'ya'ya goma da ɗaki biyu ba za ka yi masa wa'azin inuwa ba. Amma ku da kuka taso cikin kwano da siminti, kuka kwana a waje shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, saboda ɗaki ya ƙi shiguwa, ya kamata ku san abin da aka sayar aka sayi ɗakunan nan.

Bishiyar da nake so ku sani ita ce darbejiya. Wasu na ce mata dogon yaro, wasu bedi, wasu maina, a nan kuma an fi jin nim. Asalinta ƙasar Indiya da Bama. Shigowarta ƙasar nan ana danganta ta da Guggisberg, wanda ya yi gwamna daga 1919 zuwa 1927, mutumin da aka gina asibitin Korle Bu da makarantar Achimota a zamaninsa. A Najeriya an fara dasa ta a Borno a 1928, daga can ta bazu har ta zama ita ce bishiyar titi a Maiduguri da Kano da Katsina da Sakkwato, ta haura Maraɗi da Damagaram. Yau yaron da aka haifa a Katsina zai rantse maka tun kakannin kakanninsa take nan, alhali shekarunta a ƙasar kusan ɗari ne kawai.

Dalilin da ta karɓi Accra ba ɓoyayye ba ne. Mutanen arewa suna zaton duk bakin teku kurmi ne. Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiranta, busasshen wuri ce idan aka gwada da Kumasi ko Takoradi; ruwan da take samu a shekara bai cika kai milimita 800 ba, ƙasarta kuma ba ta da wani ƙarfi. Irin wurin da darbejiya ke so ke nan. Tana da uwar saiwa da ke nutsawa ƙasa ta nemo danshi inda sauran itatuwa ba sa kaiwa, shi ya sa a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ta rufe gari ciyawa ta ƙone, ita tana nan kore shar. Sai fari ya yi tsanani ƙwarai take zubar da ganye, ta sake tohowa da zarar ta ji ruwa.

Ku je gindin wata ku dube ta da kyau, don na lura yawancinku kun san ɗacinta ba ku san kamanninta ba. Tsawonta yakan kai mita 15 zuwa 20, kanta a buɗe, rassa sun bazu ko'ina. Ɓawonta kaushi ne da shi, ya tsattsage a tsaye, in ka ɓantare shi za ka ga ja a ciki. Abin da kuke kira ganye ɗaya, a gaskiya tsinke ne mai ɗauke da ƙananan ganyaye jere hagu da dama, kowane ɗan lanƙwashe, bakinsa da tsini-tsini. Sabon toho jaja-jaja yake fitowa kafin ya koma kore. Furenta fari ne, ƙanana, ba ya ɗaukar ido, amma da daddare in iska ta kaɗo za ka ji ƙamshinsa tun daga nesa, kuma ƙudan zuma ba sa barinsa. 'Ya'yan ba su wuce gaɓar yatsa ba, kore ne da fari, in sun nuna su koma rawaya, da ɗan zaƙi a naman, ƙwallo ɗaya a ciki. Cikin ƙwallon nan dukiyar take. Bishiya takan fara 'ya'ya tana da shekara uku zuwa biyar, in ta kai goma ta cika ƙarfi, babba kuma tana iya ba da kilo 50 a shekara. Danginta ɗaya da maɗaci, shi ya sa suka yi tarayya a ɗaci da kuma jan katako.

Akwai ma'aikatan da suka fi kowane gwamna dasa ta a ƙasar nan, kuma maƙwabtanku ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar 37 da magariba ya ga jemagu suna tashi daga bishiyoyin asibitin sojoji, dubun dubata, har sama ta yi duhu. 'Ya'yan itace suke ci, na darbejiya na cikin abincinsu. Masu bincike da suka ɗaura wa wasu na'urar bin sawu sun gano suna tafiyar kilomita gommai a dare guda su dawo. Duk inda suka yar da ƙwallo, in damina ta zo, sai ya tsiro. Ta haka darbejiya ta cika filayen da ke tsakanin Accra da Tema har zuwa Shai Hills, inda ta yi yawan da masu kula da gandun dajin ke fama da ita, don tana danne itatuwan asali da ciyawar da namun daji ke ci. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa: bishiyar kirki ma in ta samu wurin da ba nata ba ɓarna take yi.

Amfaninta na farko inuwa ce, kuma kada ku raina. Inuwar rumfar kwano tana tare rana amma tana turo zafi daga sama. Ta bishiya daban take, domin ganye yana fitar da ruwan da saiwa ta jawo, iskar da ta ratsa shi sai ta fito da sanyi. Mai sayar da waake ko koko da ƙosai da ta samu gindin darbejiya ta san ta samu shago. Makarantar allo, zaman makoki, ɗaurin aure, sasanta rigimar maƙwabta, duk a gindin itace muka taso muka ga ana yi. Yanzu komai sai an yi hayar kanofi an tare hanya, masu trotro suna ta zagi.

Sai asuwaki. Ka karyo ɗanyen tsinke mai kaurin fensir, ka tauna bakinsa har ya yi laushi, ka goge haƙori. Ɗacin na minti ɗaya ne, bakin kuma yini zai yi fes. Mutanen Indiya sun yi ɗaruruwan shekaru a kan haka, kuma yau za ku ga man goge baki da sabulu a kanti an zana ganyenta a jiki ana sayar muku da tsada.

Katakonta gara ba ta cika kusantarsa ba, ana yin ƙofa da benci da ƙotar fartanya da turmi da shi. Tana ba da itacen girki da gawayi, kuma in an sare ta ba ta mutuwa, kututturen sai ya fito da rassa da yawa. Wannan hali nata shi ne ya sa ba dole ne a kayar da ita don ana son itace ba. A sare rassan daga sama, inda akuya ba ta kaiwa, a bar gangar jikin, cikin shekara biyu ta sake yin kai.

Inda ta fi ban mamaki shi ne wajen ƙwari. A 1959 fara ta sauka a Sudan ta cinye komai, wani Bajamushe masanin ƙwari mai suna Heinrich Schmutterer ya lura cewa farar na sauka a kan darbejiya amma ba ta ci. Daga nan bincike ya kankama, a 1968 aka ware sinadarin da ke cikin ƙwallon, wanda ake kira azadiraktin. Ba ya kashe ƙwaro nan take yadda maganin kanti ke yi. Hana shi cin abinci yake yi, ya hana tsutsa saɓa ta girma, ya rage musu haihuwa, sai ka ga bayan 'yan kwanaki sun ƙare. Abin ya kai har wani kamfanin Amurka, W. R. Grace, tare da ma'aikatar gona ta ƙasarsu, suka yi rajistar mallakar wata hanyar amfani da man darbejiya a Turai. Mutanen Indiya da masu goya musu baya suka kai ƙara cewa wannan sanin kakanninsu ne, aka soke rajistar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. A 2015 kuma gwamnatin Indiya ta wajabta a riƙa shafa wa takin yuriya da ake yi a ƙasar man darbejiya, don yana sa takin ya daɗe a ƙasa bai tsere ba. Abin da wasu ke zuwa kotu a kansa, mu muna share shi da tsintsiya muna zubawa a gota.

Ga 'yan'uwanku masu noman latas da kabeji da albasa a Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da yawansu 'yan Zango ne, kuma kuɗin maganin feshi yana cin ribarsu. Wanda ke da hankalin sana'a a cikinku zai iya shiga nan. Ana tsince 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe ƙayau. In aka tara shi da danshi zai yi fumfuna, wannan kuma guba ce. A fasa, a fitar da ƙwayar ciki, a daka. Giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma, saboda rana na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki. Man da aka matse daga ƙwayar, mililita biyu zuwa uku ya isa a cuɗa kilo ɗaya na wake a ajiye, ƙwaro ba zai huda shi ba na tsawon watanni. In an tashi dafawa a wanke da ruwan ɗumi. Tunkuzar da ta rage taki ce. Iyayenku mata ma sun san a sa busasshen ganyen cikin akwatin tufafi ko buhun hatsi.

Yanzu maganar magani, kuma a nan nake so ku saurara da kyau, don a nan ake yin ganganci. Duk gidan Zango an san in zazzaɓi ya kama mutum sai a tafasa ganyen darbejiya, wani ya haɗa da ganyen mangwaro da na gwaiba da ɓawon abarba, a lulluɓe da bargo a yi surace, a yi wanka, a kurɓi kaɗan. Mutum yakan ji daɗin jikinsa, gumi ya karyo, ya samu barci. A 2020, da korona ta shigo, kun ga yadda aka yi wa bishiyoyin garin nan tsirara, kowa da damin ganye a hannu. Ban hana ku surace ba. Ruwan ganyen yana da kyau wajen wanke ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma wanka da shi yana sanyaya jikin yaron da ƙarambau ya kama. Amma jin sauƙi daban, warkewa daban. Zazzaɓin cizon sauro ƙwayar cuta ce a cikin jini, tana iya lafawa yau ta dawo jibi ta hau kai. Gwajinsa ɗigon jini ne a yatsa, kafin ka gama shan shayi sakamako ya fito, ga asibitin Maamobi a bakin hanya. A gwada, in shi ne a sha maganin asibiti har ya ƙare, surace ya biyo baya in ana so. Yaro ƙarami da mai ciki kuwa ba a jira da su ko na kwana ɗaya.

Abu biyu kuma ban yarda a yi ba ko da wasa. Kada a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro man darbejiya. Likitoci a Indiya da Maleshiya sun rubuta labarin yaran da aka ba su ɗan kaɗan, suka kama amai da jijjiga, suka suma, wasu ba su tashi ba. Mai juna biyu da mai neman haihuwa su ma su nisanci shan ta, ganye ko mai. Ku manya kuma, masu cika galan da ruwan ɗaci kuna sha safe da yamma wai wankin ciki, ku sani hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin duk abin da kuka haɗiya. Ɗaci ba shi ne shaidar magani ba. Wanda ke shan maganin sukari ko na hawan jini ya faɗa wa likitansa kafin ya haɗa da wani abu.

Tana da nata aibin a matsayin bishiya, kuma gara ku ji daga bakin mai sonta. Bayan uwar saiwa tana da wasu masu bin gefe, su ne ke ɗaga daɓe, su tsaga katanga, su shiga bututun ruwa da ramin masai. Rigimar maƙwabta da yawa daga nan ta samo asali, kuma ƙarshenta kullum gatari ne. Ba ta jure ƙasar da ruwa ke kwanciya. In gindinta ya daɗe cikin ruwa sai ganyen ya yi rawaya ta mutu a tsaye. Don haka masu cewa a jera ta a bakin babban gota su sake tunani. Gotan nan da ya ratsa tsakaninmu ya gangara kogin Odaw, duk wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar Circle suka ci rayuka sama da 150, ya san ba wurin wasa ba ne. Abin da yake bukata a daina zuba masa shara, a bar wa ruwa hanyarsa. Bishiya tana taimakawa ne daga sama, inda buɗaɗɗiyar ƙasar gindinta ke shanye wani ruwan kafin ya gangaro.

Yayyenku da ke Bronx, a New York, suna turo hotuna lokacin kaka, titi ya yi ja da ruwan ƙasa, sai ku ce kai, ƙasar Turawa ko itacen ma daban ne. Ɗaya daga cikin waɗannan bishiyoyi ita ce wadda suke kira pin oak. A ƙidayar da birnin ya yi a 2015 an samu bishiyoyin titi sama da 666,000, ita ce ta huɗu a yawa. Tsawonta kusan ɗaya da darbejiya, mita 20 ko ɗan fiye, amma tsayuwarta daban: gangar jiki ɗaya miƙe, rassan sama sun nufi sama, na tsakiya sun miƙe a kwance, na ƙasa sun sunkuyo. Ganyenta mai zurfin yanka ne da tsini a kowane baki, in sanyi ya shigo ya yi ja ya bushe, a jikin ƙananan bishiyoyi ma yakan maƙale har sanyin ya wuce. 'Ya'yanta ƙananan ƙwallaye ne masu 'yar hula, abincin kurege da agwagin daji. Katakonta kulli ya yi masa yawa, ba a yin kayan ƙawa da shi. An zaɓe ta ne saboda tana girma da sauri, tana jure hayaƙin mota, saiwarta kuma a sama-sama take, ana iya tone ta da girmanta a kai wani wuri ta kama. Asalinta fadamu ne na gabashin Amurka, ruwa ya kwanta a gindinta lokacin sanyi ba ya damunta. Amma a kai ta ƙasa mai farar ƙasa da yawa, sai ta kasa jan sinadarin ƙarfe, ganyen ya ɗashe, ta lalace. A kawo ta Nima kuwa, inda babu sanyin da take bukata, wahalar banza ce. Ita mai son danshi ce mai gajeriyar saiwa, tamu mai jure fari ce mai doguwar saiwa. Mutanen can ba su fi ku bishiya ba. Sun duba ƙasarsu ne suka zaɓi wadda ta dace, suka yanka mata rami a gefen titi, suka sa wanda zai riƙa duba ta.

Mu ma an yi irin wannan a ƙasar Hausa. A kwarin Majiya, wajen Buza a jihar Tawa ta Nijar, iska ce ke kwashe ƙasar gona tana binne shuka. Daga 1975 manoma da ma'aikatan daji, da taimakon ƙungiyar CARE, suka dasa darbejiya layi biyu-biyu a tsakanin gonaki, tsawon ɗaruruwan kilomita in aka haɗa. Gero ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar a gonakin da layukan suka kare, ga itace da ake sarewa daga sama ana rabawa. Abin da ya sa ta yi, an ɗauki masu gadi suna kore dabbobi har bishiyoyin suka fi ƙarfinsu. Alhazanku kuma su ba ku labarin filin Arfa, inda dubban darbejiya ke tsaye a jere, an ja musu ruwa, mahajjata na fakewa a ƙarƙashinsu. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas, wanda ke nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi, kun sha jin sa a huɗuba. Jemagun 37 ma suna cikin lissafin.

To, ina za a dasa a unguwar da ko wurin shanya babu? Ba a tsakar gidan haya ba. Can ku sa zogale ko lemun tsami ko gwanda, ko a rabin durom ne. Darbejiya tana son a ba ta aƙalla taku bakwai ko takwas daga katanga da masai, kuma kada a sa ta ƙarƙashin wayar lantarki, don ranar da ta kai wayar za a zo a yi mata aski na wulaƙanci. Wuraren suna nan in an duba: harabar makarantu, gaban masallatai, gefen filin Kawukudi, tashoshin mota, maƙabartu. A nemi izinin mai wuri, a gaya wa sarkin unguwa da ɗan asambuli, na Ayawaso ta Gabas ko ta Arewa, don kada a dasa yau gobe a ce hanya za ta bi ta nan. Ku kuma da Allah ya buɗa muku kuka sayi fili a Kasoa ko Ashaiman ko bayan Madina, ku dasa tun kafin ku sauke bulo na farko, a kusurwar da gini ba zai kai ba. Ginin talaka shekaru yake ɗauka. Kafin ku yi rufi ta riga ku yin inuwa, magina ma a gindinta za su ci abinci.

Dashen kansa ba wuya. A jira ruwa ya zauna, Afrilu ko Mayu. A haƙa rami mai faɗi da zurfin rabin mita, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen kashin tumaki, wanda ba ya yankewa a Nima. A yage ledar a hankali kada ƙasar ta warware, a dasa daidai zurfin da take a leda, a danna, a yi mata ɗan gurbi mai riƙe ruwa. In daga ƙwallo za a fara, a shuka shi sabo, don bayan 'yan makonni ba ya tsirowa. Sauƙin ma shi ne a duba gindin wata babba bayan ruwan farko, za a samu ƙanana sun fito da kansu, a cire da ƙasarsu.

Wahalar tana bayan dashe. Ranar 11 ga Yuni 2021, da aka fara Green Ghana da niyyar dasa miliyan biyar a yini ɗaya, mun fito mun karɓi tsirrai, an ɗauki hoto an sa a Facebook. Ku koma inda kuka dasa ku ƙirga waɗanda suka rayu. Akuya ta ci wasu, yara masu ƙwallo sun taka wasu, hunturu ya ƙarasa sauran, don kowa ya ɗauka wani ne zai ba su ruwa. Ragon layya ba a yi masa haka. Wanda ya saya ya san shi ne mai dusa da ruwa safe da yamma har ranar Salla. Kowane bes, wato majalisar samari, a unguwar nan yana da suna, yana da shugaba, yana da kuɗin ataya kullum dare. Kowane ya ɗauki bishiya ɗaya tak, a san ta wane bes ce. A kewaye ta da tsofaffin bulo ko waya ko kwandon katako mai tsawon ƙirji. Bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku daga Disamba zuwa Maris, kuma ruwan alwala da aka tara a masallaci ya wadatar, in dai babu sabulu mai yawa ko omo a ciki. In ta fara tsawo a riƙa cire rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, dab da jiki, a bar kai ɗaya ya miƙe har ya wuce tsawon mutum da hannunsa a ɗage, yadda mai kaya a ka zai wuce ƙarƙashinta. Rani biyu ake yi ana wannan hidima. A na uku saiwar ta kai danshi, sai a kwance shingen a kai wa wata sabuwa.